Rumbun Waƙa a Ka: Yadda Masu Kiɗan Nishaɗi Ke Tara Waƙoƙi da Riƙe Su a Ƙasar Hausa

Tsakure

Nazarin waƙar baka ta Hausa ya fi karkata ga makaɗan da kiɗa ya zama sana'arsu. Wannan maƙala ta waiwayi ɗaya ɓangaren, wato mutanen da ke kiɗa da waƙa don nishaɗin kansu, irin su mata masu shantu da ƙwarya, da 'yan mata masu gaɗa, da yara masu tashe, da samari masu gurmi ko sarewa. An duba yadda suke tara waƙoƙin da za su iya yi da ka, da abubuwan da ke riƙe musu waƙoƙin, da kuma dalilan zubewarsu. An ɗora bayanin a kan ayyukan da aka riga aka wallafa game da kiɗan Hausa da kuma ra'ayoyin masana tunani a kan hadda. Maƙalar ta nuna cewa rumbun waƙar irin waɗannan mutane hawa uku ne, kuma hawan da ya fi muhimmanci ba ya buɗuwa sai a muhallin da aka saba yin waƙar. Wannan yana da tasiri a kan yadda ake tattaro waƙoƙi a fagen bincike.

Muhimman kalmomi: kiɗan nishaɗi, rumbun waƙa, hadda, amshi, jagoranci, muhalli

1.0 Gabatarwa

Mai binciken da ya taɓa zama gaban wata dattijuwa ya roƙe ta ta rera masa waƙoƙin da ta sani ya san amsar da akan fara ba shi: ta manta, ko kuwa ba ta san komai ba sai 'yan biyu ko uku. Idan aka yi sa'a wata ƙawarta ta shigo, ko aka miƙa mata shantu ta ɗora a cinya, sai waƙoƙi su yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba. Dattijuwar ba ɓoyewa ta yi da farko ba. Waƙoƙin suna nan, hanyar isa gare su ce ba ta samu ba.

Wannan lamari shi ne ƙashin bayan wannan maƙala. Tambayoyin da take son amsawa uku ne. Ta wace hanya mutumin da ba makaɗin sana'a ba yake tara waƙoƙin da zai iya yi ba tare da duba rubutu ko bin na'ura ba? Me yake riƙe masa su tsawon shekaru? Me kuma yake sa su zube? Amsoshin sun shafi mai nazari kai tsaye, domin wuraren da ake yin yawancin waɗannan waƙoƙi suna raguwa, kuma abin da aka kasa ɗaukowa daga bakin masu shi a wannan zamani zai yi wuyar samuwa nan gaba.

2.0 Ma'anar Kalmomi

2.1 Mai Kiɗan Nishaɗi

A al'adar Bahaushe kiɗa sana'a ce, akwai mai gado akwai ɗan haye, kuma tana tafiya tare da roƙo. M. G. Smith (1957) ya bayyana yadda roƙo yake da gurbi na musamman a tsarin zaman Hausawa, da yadda ake ajiye maroƙi a ƙasan matakan daraja duk da buƙatarsa da ake yi. Saboda haka mutum yana iya ƙwarewa da gurmi amma ya ƙi a kira shi makaɗi, domin sunan yana ɗauke da nauyin da bai shirya ɗauka ba. A wannan maƙala, mai kiɗan nishaɗi shi ne wanda yake kiɗa ko waƙa ba don a ba shi ba, ba ya da ubangida, ba ya da 'yan amshi na dindindin, kuma yana da wata sana'ar da yake ci da ita. Ya kamata a bambanta shi da rukunin da wasu manazarta ke kira makaɗan sha'awa, domin waɗancan makaɗan sana'a ne da aka ware bisa turken waƙoƙinsu.

2.2 Rumbun Waƙa

Rumbun waƙa shi ne jimillar waƙoƙi da kiɗe-kiɗen da mutum zai iya fitarwa da kansa idan lokacinsu ya yi. An zaɓi kalmar rumbu domin abin da ke cikinsa yana ƙaruwa yana raguwa, kuma ana ɗibarsa ne gwargwadon buƙata.

2.3 Hadda

Kalmar hadda ta fi shahara a fagen karatun allo, inda ake nufin riƙe nassi kalma da kalma ba ƙari ba ragi, kuma akwai rubutaccen matani da za a koma a gyara kuskure. Haddar waƙar baka ta bambanta da wannan. Abin da ake riƙewa daram shi ne gindin waƙa da rauji da kiɗa, amma ɗiyan waƙa suna karɓar sauyi, a saka sunan wannan amarya a cire na waccan, a tsawaita ko a taƙaita. Wanda ya auna haddar mai shantu da ma'aunin haddar allo zai ga kurakurai a wuraren da masu abin ba su ɗauka kuskure ba ne.

3.0 Waiwaye

Ames da King (1971) sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da lokutan amfani da su, kuma a cikinsu akwai kayan da mata da yara ke kaɗawa ba don sana'a ba. Ayyukan Sa'idu Muhammad Gusau sun samar da kalmomin fiɗar waƙar baka da ake amfani da su a jami'o'i a yau, irin su gindi da ɗa da rauji da turke. Dandatti Abdulkadir (1975) ya yi nazarin Mamman Shata, inda ya gwada ra'in tubalan baka na Parry da Lord a kan waƙoƙinsa. Mack (2004) ta duba waƙoƙin matan Hausawa, na baka da rubutattu. Duk da haka, tambayar yadda rumbun mutum guda yake ginuwa ba ta samu kulawar da matanin waƙa da tarihin makaɗa suka samu ba.

A wajen ƙasar Hausa akwai ayyukan da suka fuskanci tambayar. Milman Parry da Albert Lord sun ɗauki waƙoƙin masu goga gusle, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya mai kama da kukuma, a tsohuwar Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935, kuma da yawa daga cikin mawaƙan manoma ne da masu ƙananan sana'o'i. Lord (1960) ya kasa koyonsu mataki uku: saurare, da fara gwada rerawa, da kuma rerawa gaban jama'a tare da faɗaɗa rumbu. Ya kawo labarin Avdo Medjedovic, wanda ya ji wata waƙa mai layuka fiye da 2,000 sau ɗaya daga bakin wani mawaƙi, ya maimaita ta nan take da tsawon da ya kusa ninka na farko sau uku. Abin da ya ɗauka shi ne zaren labari da tubalan gini, sauran ya cike daga abin da ya riga ya mallaka.

Rubin (1995) ya ƙara da cewa waƙar baka tana daɗewa ne saboda ƙa'idoji da yawa suna taruwa a kan kowane gurbi: ma'ana, da hoton da ke zuwa a zuci, da amo, da kari. Kowace ƙa'ida tana rage yawan kalmomin da za su iya shiga gurbin, har ya zama kaɗan ne suka rage. Ya kuma nuna cewa tuno waƙa a jere yake tafiya, abin da aka rera yanzu shi ke janyo na gaba. A kan waɗannan ra'ayoyi biyu aka ɗora bayanin da ke tafe.

4.0 Matakan Tara Waƙa

Makaɗin sana'a yana da makaranta, ko da ba ta da allo. Yaro yana fara ɗaukar kaya, ya koma amshi ko ƙaramin kiɗa, ya shekara yana bin maigida kafin ya ja tasa ƙungiyar. Mai kiɗan nishaɗi ba ya da maigida, amma matakan da yake bi ba su yi nisa da waɗannan ba.

Mataki na farko shi ne saurare ba da niyyar koyo ba. Yarinyar da ake goye da ita ana lugude, ko take zaune gefen dandali yayyenta na gaɗa, tana ɗaukar rauji da kari tun kafin ta fahimci kalmomin. Lokacin da za ta buɗe baki, amon waƙar ya riga ya zauna.

Mataki na biyu shi ne amshi. Amshi gajere ne, ana maimaita shi bayan kowane ɗa, kuma ana yin sa cikin taro, don haka kuskuren mutum ɗaya yana ɓacewa cikin muryoyin saura. A waƙa guda mai amshi zai maimaita gindi sau da yawa, kuma a tsakanin kowane amshi biyu yana jin ɗan da jagora ta kawo. Ta haka yake bitar gindi da bakinsa, yake bitar ɗiya da kunnensa, ba tare da ya ware lokacin bita ba.

Mataki na uku shi ne jagoranci, wato bayar da waƙa. A nan ne ake gane wanda ya mallaki waƙa, domin shi zai ɗauko ta ba wanda ya tuna masa, ya san ɗan da ke biye, ya kuma cike gurbi idan wani ɗa ya kuɓuce. A dandali da cikin gida jagoranci yana zagayawa, wadda ta gaji ta saki wata ta ɗauka. Wannan zagayawa ita ce ke mayar da mai amshi jagora sannu a hankali.

Iyakar da ke tsakanin nishaɗi da sana'a ba katanga ba ce. Kiɗan amada ya tsiro ne daga kiɗan ƙwaryar da mata ke yi wa junansu a cikin gida lokacin biki da suna, kafin irin su Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, su fito da shi fili. Shata, wanda ya rasu a 1999, bai gaji kiɗa ba, kuma a dandali ya fara waƙa tun yana saurayi. Wannan yana nuna cewa fagen nishaɗi shi ne gandun da sana'ar kanta take samun iri.

5.0 Abubuwan da Ke Riƙe Waƙa a Ka

5.1 Gindin Waƙa

Hausawa ba su cika sa wa waƙar gida suna na daban ba, da gindinta ake kiranta. Saboda haka gindi yana aiki biyu, shi ne suna kuma shi ne mabuɗi. Wanda ya ce ya manta waƙa, sau da yawa gindin ne ya ɓace masa, da zarar an ɗauko masa shi sai saura ya biyo. Miller (1956) ya nuna cewa abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, kuma mutane suna faɗaɗa shi ne ta hanyar ɗaure ƙananan abubuwa su zama dami. Tsarin gindi da ɗiya ya riga ya yi wannan ɗauri. Mai rerawa ba ya fuskantar doguwar waƙa gaba ɗaya, ɗa guda yake fuskanta, kuma lokacin da ake amshi yana samun sararin lalubo na gaba.

5.2 Rauji da Karin Harshe

Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma yana bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Richards (1972) ya gwada wata waƙar Hausa ya ga cewa hawa da saukar rauji suna yawan bin hawa da saukar karin kalmomi, kuma ayyukan Russell Schuh sun nuna yadda nauyin gaɓoɓi ke daidaita da bugun kiɗa. Ma'anar wannan ga mai hadda ita ce, idan kalma ta kuɓuce, raujin yana gaya masa siffarta: yawan gaɓoɓinta, da nauyinsu, da inda murya za ta hau. Kalmomin da za su cika waɗannan sharuɗɗa kuma su dace da ma'ana ba su da yawa. Haka abin yake ta ɗaya fuskar. Mai busa sarewa ko mai kaɗa gurmi yakan riƙe kiɗa ta hanyar maganar da kiɗan yake faɗa, kamar yadda ake riƙe take da kalmominsa, ko da ba a furta su ba.

5.3 Hannu da Jiki

Shantu ana buga gindinsa a cinya, ana toshe bakinsa da tafin hannu ana saki. Gaɗa tana tafiya da tafi da faɗawa hannun ƙawaye. Lugude yana bin saukar taɓare a turmi ɗaya bi da bi, waƙar niƙa kuma tana bin kai da komon ɗan dutse. A duk waɗannan an koyi waƙa da motsi a lokaci guda, don haka suka zama abu ɗaya a wajen mai yi. Idan aka raba su, aka ce mace ta rera waƙar niƙa tana zaune a kujera hannu sake, an cire ɗaya daga cikin igiyoyin da ke janyo waƙar. Wannan ne ya sa mai ba da bayani yakan fara buga cinya ko tabarma da kansa idan yana laluben abin da ya manta.

5.4 Jeri

Waƙoƙi ba a warwatse suke zaune a rumbu ba. A biki akwai na kamu, akwai na lalle, akwai na rakiyar amarya, kuma kowane rukuni yana da waƙar da aka saba farawa da ita. Waƙoƙin da suke kiɗa ɗaya sukan bi juna, domin hannu bai sauya ba. Ƙarshen wannan yakan zama mabuɗin waccan. Saboda haka faɗuwar waƙa guda daga tsakiyar jeri tana iya tafiya da waɗanda ke bayanta.

5.5 Jama'a

Rumbun kiɗan nishaɗi na tarayya ne. Wata ta fi riƙe gindi, wata ta fi yawan ɗiya, wata ita ce mai hannu a ƙwarya. Abin da mata biyar za su fitar idan sun haɗu ya fi jimillar abin da za a samu idan an tambaye su ɗaya bayan ɗaya, domin kowace tana buɗe wa 'yar'uwarta. Idan aure ko ƙaura ko mutuwa ta raba irin wannan taro, kowace takan tafi da guntun da ba lalle ya tashi shi kaɗai ba.

5.6 Zagayowar Lokaci

Ebbinghaus (1885) ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a farko sannan ta lafa, cewa bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya, kuma abin da aka taɓa koya yana saurin dawowa ko da ana jin an manta shi. Tashe misali ne mai kyau. Ana fara shi bayan azumi ya kwana goma, a yi 'yan kwanaki ana yi, sannan a ajiye shi kusan wata goma sha ɗaya. Duk da wannan tazara, daren farko ko na biyu ya isa yara su dawo da abin da suka yi bara. A cikin kwanakin kuwa ana maimaita wasa guda a gidaje da yawa kowane dare, kuma a kowace ƙungiya akwai wanda ya yi shekaru yana yi da wanda ya fara bana. Wasa irin Jatau Mai Magani, wanda jagora ke jero magunguna ana amsa masa, yana nuna wani sauƙin kuma: jerin a buɗe yake, wanda ya manta wani magani zai saka wani, wasan bai tsaya ba.

6.0 Hawa Uku na Rumbu

Daga bayanan da suka gabata ana iya kasa rumbun mai kiɗan nishaɗi hawa uku. Hawa na farko shi ne waƙoƙin da yake ganewa idan ya ji su. Hawa na biyu shi ne waɗanda zai iya amsawa ko ya bi da kiɗa idan wani ya ɗauko. Hawa na uku shi ne waɗanda zai iya ɗaukowa da kansa, ya ja su daga farko har ƙarshe. Na farko ya fi faɗi nesa, na uku ya fi ƙunci, kuma na ukun ne kaɗai ke iya miƙa waƙa ga na baya, domin taron da kowa ya iya amshi amma ba mai bayarwa ba zai yi waƙa ba.

Waƙa tana hawa tana sauka a tsakanin waɗannan matakai. Abin da ke ɗaga ta daga na biyu zuwa na uku shi ne a ba mutum jagoranci, ya yi tuntuɓe, a ɗaga shi, ya sake. Abin da ke sauko da ita shi ne rashin lokacin yi. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin Baba a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, yana da darasi a nan. Baba ba mawaƙiya ba ce, kuma ta haura shekara 70 a lokacin, amma littafin cike yake da waƙoƙin da ta tuno tun na ƙuruciya. Waƙoƙin sun zo ne a cikin labari, tana bayanin aure ko wasan yara ko bori sai waƙar wurin ta biyo. Labarin ne ya sake gina mata muhallin da waƙar take zaune.

7.0 Sauyin Zamani

Abubuwa biyu sun sauya. Na farko, ayyukan da ke ɗauke da waƙoƙi sun ragu. Injin niƙa ya karɓi aikin dutse, siminti ya karɓi aikin daɓe, dandali ya mutu a garuruwa da yawa, kuma a bukukuwa na'urar sauti ta zauna inda ƙwarya take zama. Ba wanda ya yanke shawarar kashe waƙar niƙa, bitarta ce ta tsaya ranar da aka daina niƙa da hannu.

Na biyu, jin waƙa ya yawaita fiye da kowane zamani. Daga rediyo zuwa kaset, zuwa masu tura waƙoƙi a waya a kasuwanni, zuwa intanet, saurayi yana iya riƙe ɗaruruwan waƙoƙi a aljihunsa. Wannan ya faɗaɗa hawa na farko ƙwarai, ya kuma taimaki na biyu, domin ana bin waƙa da baki tana tashi a waya. Hawa na uku ne bai samu rabo ba, saboda na'ura ita ce jagora kullum, ba ta gajiya balle ta saki wani ya ɗauka. Mai koyon gurmi ko fiyano da ke bin waya yana iya ɗaukar cewa ya iya waƙa, sai ranar da aka ce ya fara shi kaɗai ya ga bai san ta inda ake shiga ba.

Na'ura ta kawo wani sauyin kuma. Da yake kowa yana jin rerawa guda tak, ita ce ta zama ma'auni, duk wanda ya saɓa mata a ce ya yi kuskure. Ta haka haddar waƙa take komawa irin ta kalma da kalma, ɗan sararin nan na sauya ɗa da cike gurbi yana ƙuntata. Wannan hadda ta fi wuya kuma ta fi saurin karyewa, domin wanda ya rasa layi ɗaya ba ya da abin da zai saka a gurbinsa. Sai dai na'ura tana da amfanin da ba a musunsa. Tana adana abin da bakin mutane ya saki, kuma mai koyo yana iya mayar da wuri mai wuya sau goma, abin da ba zai roƙi makaɗi ya yi masa ba.

8.0 Abin da Wannan Ke Nufi ga Mai Nazari da Mai Koyarwa

Ga mai tattaro waƙoƙi, tambayar waƙa nawa mutum ya sani ba ta auna komai sai abin da ya zo masa a wannan minti. Ya fi dacewa a kawo abin kiɗan, a tara waɗanda suka saba yi tare, a fara da hirar bikin ko aikin kafin a nemi waƙarsa. Ya kamata a ɗauki zaman gaba ɗaya ba tare da yankewa ba, domin jerin da waƙoƙi suka bi da kuma wanda ya ɗauko kowace bayanai ne da ba za a same su a matani ba. Haka kuma ya kamata a ɗauki waƙa guda fiye da sau ɗaya a ranaku daban, ta haka ne za a gane abin da yake tsaye da abin da yake sauyawa. A wajen adanawa, a rubuta ko mai rerawa jagora ce a waƙar ko mai amshi ce da aka tilasta wa jagoranci, domin matanin da aka samu daga ta biyun yakan zo da gajerun ɗiya, kuma kuskure ne a ɗauke shi a matsayin cikakkiyar waƙa.

Ga sassan Hausa da ke da ƙungiyoyin al'adu na ɗalibai, waɗanda su ma masu kiɗan nishaɗi ne, darasin a fili yake. Waƙoƙi kaɗan da kowa zai iya ɗaukowa sun fi tarin da ake karantawa daga takarda ranar taro. A koyi waƙa tare da kiɗanta da motsinta tun ranar farko. A riƙa zagaya jagoranci har ya kai ga mai jin kunya. A saka sabuwar waƙa kusa da tsohuwa mai kiɗa irin nata. A rarraba bita a makonni, kuma a kowane zama a fara da gwada tunowa kafin a kunna na'ura ko a buɗe littafi, domin ƙoƙarin tunowar shi kansa yana ƙarfafa riƙo.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi yadda mai kiɗan nishaɗi yake tara waƙa ta hanyar saurare da amshi da jagoranci, ta kuma nuna cewa gindi da rauji da motsin jiki da jeri da jama'a da zagayowar lokaci su ne ke riƙe masa ita. An kasa rumbunsa hawa uku, aka nuna cewa zamani ya faɗaɗa na farko ya bar na uku yana ƙanƙancewa. Akwai buƙatar bincike na fage da zai bi ƙungiya guda ta mata ko ta yara tsawon shekaru, ya ga waƙoƙin da ke shiga da masu fita da dalilin kowace. Kafin a kai ga haka, abin da ya fi gaggawa shi ne a sami dattawan da har yanzu suke iya bayar da waƙa, a zaunar da su tare da abokan yinsu da kayan kiɗansu, a kuma sa matasa a cikin masu amshi.